Su wa suka gina dogayen gidajen dutsen da ke karkarar Ayalan, kuma don me?

Wani ɗan'uwa da ya fara aikin jinya a Limerick ya aiko da tambaya. Ya ce duk hanyar da ya bi a mota sai ya hangi wani dogon gini na dutse mai kusurwa huɗu, tsaye shi kaɗai a tsakiyar makiyaya, babu rufi, ganye ya lulluɓe jikinsa, shanu na kiwo a gindinsa. Mutanen wurin suna kiransa da kalmar da ake kiran fadar sarakuna, shi kuma bai ga alamar fada a jikinsa ba. Yana so ya san su wa suka gina su, don me, kuma me ya sa suka yi yawa haka.

Ɗan'uwa, ka sauka a inda ya dace da wannan tambaya, domin Limerick na cikin yankunan da waɗannan gine-gine suka fi yawa a duk tsibirin, tare da Tipperary da Clare da Kilkenny da Cork da gabashin Galway. Ni sana'ata gyaran tsofaffin gine-gine ce, kuma na yi shekaru ina hawa da sauka a cikin waɗannan da abin awo a hannu. Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, gida ne. Gidan zama na mai gida da matarsa da 'ya'yansa da barorinsa, sai dai an ɗora ɗakunan kan juna maimakon a shimfiɗa su a fili, aka bar ƙofa ɗaya tak. Idonka bai yaudare ka ba da ka kasa ganin fada. Kaɗan ne daga cikinsu na manyan sarakuna. Mafi yawa na ƙananan hakimai ne, da ƙannen shugabanni, da masu gonaki da garken shanu, da attajiran gari, har da limaman coci. An gina su tsakanin wajen 1400 da 1650, kuma fiye da 2,000 na nan har yau, wasu cikakku, wasu kango, wasu kuwa ɓangaren bango ɗaya kawai ya rage.

Kafin zamaninsu, Ayalan ta ga wani irin gini daban. Normawa, wato mayaƙan da asalinsu arewacin Faransa ne kuma suka mallaki Ingila, sun ƙetaro daga Ingila da Wales a 1169, suka kama ƙasa mai yawa, suka gina manyan ganuwoyin dutse irin na Trim da Kilkenny, da wanda kake wucewa a bakin kogin Shannon a cikin garin Limerick, mai sunan Sarki John. Waɗannan aikin sarki ne da manyan fadawansa, masu ƙarfin ciyar da magina shekara da shekaru. Sai ƙarni na 14 ya zo da masifu a jere. Edward Bruce ya shigo da runduna daga Sikotlan a 1315, aka yi shekara uku ana ƙone-ƙone ga yunwa, har aka kashe shi a 1318. A 1348 babbar annobar da ta cinye Turai ta sauka, ta fi ɓarna a garuruwan baƙi inda mutane ke cunkushe. Ikon sarkin Ingila ya yi ta tsukewa har ya koma kewayen Dublin, yankin da aka zo ana kira Pale. Jikokin Normawa da ke nesa suka auri 'ya'yan 'yan ƙasa, suka ɗauki harshensu da shigarsu, har majalisa ta zauna a Kilkenny a 1366 ta yi dokar hana haka, amma ba ta hana ba.

Abin da ya rage shi ne ƙasa mai iyayen gida barkatai, kowa da ɗan yankinsa, babu babba ɗaya da zai raba gardama. Dukiya kuwa shanu ce. Da su ake biyan haraji, da su ake biyan diyya da sadaki, da yawansu ake auna mutum. Saboda haka harin shanu ya zama ruwan dare, har sabon shugaba kan kai hari kan maƙwabci don ya nuna ya isa. Sannan a wurin 'yan ƙasa sarauta ba lalle ta faɗa kan ɗan fari ba. Duk namijin da ya haɗa kakan uba da mai rasuwa yana da haƙƙin nema, wanda kuwa ya fi magoya baya shi ke samu. Ka ga ke nan wanda mai gida yake tsoro sau da yawa ɗan baffansa ne da ke tsallaken rafi, wanda zai zo da dare da 'yan mutane kaɗan, ya kora shanu, ya cinna wa jinka wuta, ya kama wani don fansa, ya ɓace kafin gari ya waye. Irin wannan abokin gaba ba shi da igwa, ba shi da lokacin yin ƙawanya. Bango mai kauri da ƙofa mai ƙarfi sun ishe ka har asuba. Da wannan ma'auni za ka auna duk abin da ka gani a jikin ginin.

Za ka ji ana ba da labarin fam goma. Gaskiya ne, a 1429, zamanin Sarki Henry na Shida, an yi doka cewa duk talakan sarki da ke yankunan Dublin da Meath da Kildare da Louth wanda ya gina hasumiya mai tsawon ƙafa 20, faɗin ƙafa 16, tashin ƙafa 40 ko fiye, a cikin shekara goma, za a ba shi tallafin fam 10. Mutane sun karɓa hannu bibbiyu, har a 1449 aka sa iyaka ga yawan waɗanda za a gina a Meath. Harold Leask, wanda ya daɗe yana kula da tsofaffin gine-ginen ƙasar, ya ba wa dokar nan muhimmanci sosai wajen bayanin yaɗuwar wannan gini, mutane da yawa kuma suka bi shi. Ni a ganina dokar ta tarar da abin ne yana tafiya, ta ƙara masa mai. Dalilina mai sauƙi ne: tallafin bai wuce yankuna huɗu na gabas ba, alhali gine-ginen sun fi yawa a kudu da yamma, inda kuɗin sarki bai taɓa isa ba. Dokar da ta faɗi awo dalla-dalla kuwa tana nuna cewa magina sun riga sun san abin da ake magana a kai.

Yanzu bari mu shiga ɗaya. Na zaɓi Ross, wanda ke bakin tafkin Leane a Killarney, yankin Kerry, domin an gyara shi an mai da masa benayensa, kuma daga Limerick tafiyar yini ɗaya ce ka je ka dawo. Dangin O'Donoghue ne suka gina shi a ƙarshen ƙarni na 15. Hawa biyar ne, ban da saman rufi.

Kafin ka kai ƙofa, tsaya ka dubi gindin bangon. Za ka ga ya baje kamar ƙasan riga, yana tsukewa yayin da yake tashi. Wannan ya ƙara wa ginin zama daram, ya sa huda shi daga ƙasa ya yi wuya, domin a nan kaurin bangon irin waɗannan gidaje kan kai mita biyu. Ɗaga kai ka bi tagogi da ido. A ƙasa tsaga ce kawai, wadda ko yaro ba zai ratsa ba. Kana hawa suna faɗaɗa, har a hawan ƙarshe ka ga taga ta gaske, da dutse sassaƙaƙƙe a gefenta. Daga tagogi kaɗai za ka karanta waye ke kwana a ina. A can ƙoli akwai rawanin bango mai haƙora hawa-hawa, salon da aka san Ayalan da shi, da hanyar da mai gadi ke kewayawa a bayansa, da indararo na dutse masu zubar da ruwan sama. A kusurwa biyu da ke kallon juna ta gicciye akwai wasu ƙananan ɗakuna da suka leƙo waje daga jikin bango. Dabarar ita ce kowane ɗaya yana tsare fuska biyu, biyun sun tsare huɗu. Gindinsu a buɗe yake don a sako dutse kan wanda ya raɓi bango. A yawancin gidajen akwai irin wannan akwatin dutse daidai saman ƙofa.

Wani abin da kangon ke ɓoye maka shi ne launi. Dutsen toka-toka da kake gani tsirara yau, a da an shafe shi da yaɓen farar ƙasa da yashi. Ginin fari ne, ana hango shi daga nesa a cikin kore. Yaɓen na kare bango daga ruwan saman da ba ya ɗaukewa a ƙasar nan, yana kuma shelar cewa mai wannan wuri ya isa. Kada ka raina wannan ɓangare. Mutumin da ya gina hawa biyar inda hawa uku za su ishe shi tsaro, yana magana ne da maƙwabtansa.

Ƙofar ita ce inda magini ya zuba duk basirarsa, domin ita kaɗai ce rauni. Daga waje akwai ƙyauren ƙarfe saƙaƙƙe kamar raga, wanda ake janyowa da sarƙa ta wata 'yar huda da aka ratsa ta cikin dutsen gefen ƙofa, a ɗaure shi daga ciki. Amfaninsa shi ne ya hana a kai gungume ko wuta jikin ƙyauren katako. Shi kuma na katakon, a Ross, falle biyu ne na itacen oak, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, an ɗinke su da ƙusoshi, ta yadda gatari ba zai bi tsagin itace ya raba shi ba. A bayansa akwai sakata ta gungume da ke shigewa cikin bango. In ka shiga kangon da ƙyaurensa ya daɗe da ruɓewa, lalubi gefen ƙofar daidai ƙirjinka, za ka sami rami mai kusurwa huɗu. Na taɓa zura hannuna a irinsa har kafaɗa ban taɓo ƙarshe ba. Gefen dutsen ya yi sumul saboda gogar gungumen safe da yamma, shekara ɗari biyu. Wannan santsi shi ya fara sa ni ganin mutanen gidan a matsayin mutane: kowane dare akwai wanda aikinsa ne ya jawo wannan itace kafin a kwanta.

Wanda ya karya ƙofa bai shiga gida ba tukuna. Ya faɗa ne cikin wani ɗan ƙaramin zaure da bai fi ɗaukar mutum biyu ko uku ba, gabansa ƙofa, gefensa ƙofar matakala, duk a kulle. Bisa kansa kuma akwai rami a rufi, wanda suke kira ramin kisa, inda na sama ke iya harbinsa ko sako masa dutse. Masu yi wa baƙi jagora suna son cewa tafasasshen mai ake zubowa. Mai yana da tsada ƙwarai a lokacin, dutse kuwa kyauta ne. A ranakun zaman lafiya, waɗanda su ne mafi yawa, ta wannan rami ake leƙo wanda ya yi sallama.

Matakalar tana cikin kaurin bango a kusurwa, tana murɗawa sama kamar dodon koɗi, faɗinta na mutum ɗaya. Yawanci tana juyawa ta hannun dama in kana hawa, kuma za a gaya maka an yi haka ne don mai hawa da takobi a dama ya rasa wurin sara, na sama kuma ya samu. Za a kuma nuna maka cewa tsayin matakan bai daidaita ba, wai don baƙo ya yi tuntuɓe. Na farkon yana da ɗan ƙamshin gaskiya, ko da yake akwai gidaje da yawa da matakalarsu ke juyawa hagu. Na biyun kuwa ban cika yarda da shi ba. Na auna matakai da yawa, kuma abin da na fi gani shi ne magini yana ƙoƙarin isa bakin ƙofar kowane bene da dutsen da ke hannunsa. Mutanen gidan ne ke hawan matakalar nan sau goma a yini, ɗauke da ruwa da itace da abinci, ba na jin mai gida zai sa wa iyalinsa tarko saboda baƙon da watakila ba zai taɓa zuwa ba.

Hawan ƙasa rumbu ne, duhu da sanyi: hatsi, man shanu, fatu, gishiri. Na biyu da na uku na barori ne da masu gadi, a nan ake girki, a nan ake shimfiɗa ciyawa a kwanta. Na huɗu shi ne ɗakin kwanan mai gida da iyalinsa. Na biyar, can ƙoli, shi ne babban ɗakin da ake cin abinci a karɓi baƙi. Wannan juyin ne ke ba mu mamaki, mu da muka saba baƙo ya tsaya a zaure kusa da ƙofa. A nan, girman baƙo shi ne a hau da shi har sama, ya ratsa duk gidan. Dalilin a aikace yake: a sama ne kaɗai za a iya buɗe manyan tagogi ba tare da tsoro ba, a sama ne kuma hayaƙin murhun da ke tsakiyar ɗaki zai fita ta rufi. Murhun jikin bango mai bututun hayaƙi ya yawaita ne daga baya, a ƙarni na 16 da na 17, kuma sau da yawa za ka ga alamar inda aka fasa tsohon bango aka cusa shi.

Wani alƙali Bature mai suna Luke Gernon, wanda ya zauna a Limerick, ya bar bayanin ziyarar irin wannan gida wajen 1620. Ya ce matakala ƙunci gare ta saboda tsaro, babban ɗaki shi ne na can sama, kuma in ka hau ba za ka sauko ba sai gobe. Uwargida ce ke tarbar ka da 'yan rakiyarta, a jero maka duk irin abin shan da ke gidan, ga wuta a tsakiyar ɗaki. A irin wannan ɗaki ne mawaƙin dangi ke jero asalin mai gida, makaɗi na kaɗa babbar garayarsu mai tsirkiya da yawa, wadda hotonta ke jikin kuɗin ƙasar har yau.

Abin da na fi so a duk ginin yana ƙarƙashin ƙafar wannan ɗaki. Sauran benaye katako ne, amma a yawancin gidajen aƙalla ɗaya ana yi masa rufin baka na dutse, don in wuta ta kama a ƙasa ta tsaya nan, don kuma ya ɗaure bangwaye huɗu kada su buɗe. A Ross wannan baka ita ce rufin hawa na huɗu, ita ce kuma daɓen na biyar. Yadda suke yin ta shi ne: a kafa ƙwarangwal na katako mai siffar bakan, a shimfiɗa masa saƙar tsumagu irin ta asabari, a zuba kwaɓin farar ƙasa a kai, sannan a jera duwatsu a tsaye kan gefensu, a cika tsakani da kwaɓi. In ya bushe sai a zare katakon. Saƙar kuwa ta riga ta manne, sai a bar ta. Maginin Kano ko Zariya da ke ɗaura bakan gizo yana miƙo azara ne daga bango kaɗan-kaɗan har su haɗu, ba ya bukatar abin tallafi daga ƙasa. Na Ayalan dutse yake ɗorawa, dole sai da shimfiɗa, katako mai faɗi kuwa aiki ne babba a lokacin, tsumagiya kuma tana kowane bakin rafi.

Rana ta farko da na haska fitila a irin wannan rufi, a wani kango a Clare, na ga zanen saƙar kwance a jikin kwaɓin kamar jiya aka cire ta, kan da ya hau da wanda ya nutse, har inda masaƙin ya haɗa tabarma biyu ya bar ɗan gibi. A wani lungu guntayen tsumagun ma suna nan, sun yi baƙi, sun bushe. Sunan mai gidan yana cikin littattafai, na wanda ya yi saƙar babu, amma aikin yatsunsa ne ke bisa kanka. Waɗannan guntaye sun zama abin daraja ga masu bincike, domin reshe ne ɗan shekara kaɗan da aka yanko a lokacin ginin, kuma in aka gwada shi a ɗakin gwaji yana nuna zamanin da aka ɗaura rufin. Da ma matsalar waɗannan gidaje ita ce kamanninsu bai canza sosai ba cikin shekara 250, ga ƙarancin takardun da ke faɗin ranar gini.

Cikin kaurin bangon akwai wasu ƙananan ɗakuna da lunguna, har da makewayi: kujerar katako a kan rami mai gangarawa ta cikin bango ya fita ta gindin gini. A gidan Clara da ke Kilkenny, wanda har yau katakon benayensa na asali ke nan, akwai ɓoyayyen ɗaki da ba a shiga sai ta wurin da aka yi wa kamannin kujerar makewayi.

Hasumiyar da ka gani ita kaɗai a fili, da ba ita kaɗai ba ce. Tana tsaye ne cikin wani fili mai katanga da suke kira bawn, kalmar da ta fito daga harshen 'yan ƙasa, kuma masana na danganta asalinta da wurin killace shanu. A Ross katangar na da zagayayyun hasumiyoyi a kusurwoyi, biyu na nan har yanzu. A cikin filin ake shigo da shanu da dare, a nan ɗakin girki yake, da barga, da bukkokin ma'aikata, duk na itace da laka da jinka, shi ya sa suka ɓace. Richard Stanihurst, ɗan Dublin, ya rubuta a 1584 cewa shugabannin 'yan ƙasa na da dogon ɗakin taro na laka da jinka a gefen hasumiya, a nan suke liyafa, amma kwana sai cikin dutse, don jinka ba ta da wuyar cinna wa wuta. In kana so ka ga wannan tsari da idonka, je Aughnanure kusa da Oughterard a Galway, gidan dangin O'Flaherty, mai hawa shida da katanga biyu, ciki da waje. Bango ɗaya na ɗakin liyafar yana tsaye, da sassaƙar ganye a jikin tagoginsa. A garuruwan bakin teku irin su Carlingford da Ardglass da Dalkey kuwa attajirai sun gina nasu a kan titi, kaya a ƙasa, iyali a sama.

Ƙananan bindigogi ba su kashe wannan gini ba, shigewa cikinsa suka yi. Za ka ga 'yan ramuka zagayayyu a gefen tagogi da kusurwoyi, waɗanda aka huda don bakin bindiga. Igwa ce ta gama da shi. A 1535 sojan sarki suka fasa Maynooth, babbar cibiyar dangin Fitzgerald na Kildare, cikin kwanaki kaɗan. A 1580, lokacin tawayen Desmond, wato boren da masu sarautar Desmond a kudancin ƙasar suka yi wa Ingila, jagoran sojan Ingila Sir William Pelham ya kafa igwa a gaban Carrigafoyle, gidan O'Connor Kerry da ke bakin Shannon, wanda ake ganin ba ya ciwuwa saboda ruwa ya kewaye shi. Cikin kwana biyu bango ɗaya ya rufta kan na ciki, waɗanda suka tsira kuma aka kashe su. Wannan ɓaraka tana nan buɗe har yau, daga sama har ƙasa, kana tsaye a waje kana ganin benaye da rufin baka kamar an yanka ginin da wuƙa. Ba shi da nisa da kai, kuma babu inda ya fi shi nuna yadda cikin waɗannan gidaje yake.

Amma jan igwa a ƙasar da babu hanyoyi, ga fadama ko'ina, ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa aka ci gaba da gina su har wajen shekara sittin bayan haka. Derryhiveny da ke Galway, na Daniel O'Madden, an gina shi a 1643, yana cikin na ƙarshe-ƙarshe. Shi Ross, bayan tawayen Desmond ya fita daga hannun O'Donoghue, ya bi ta hannun MacCarthy Mór ya faɗa hannun dangin Browne, waɗanda daga baya suka zama masu sarautar Kenmare. A 1652, a yaƙin da rundunar Cromwell ta Ingila ta kawo wa Ayalan, Lord Muskerry na ɓangaren 'yan ƙasa ne ke riƙe da shi, kuma yana cikin wuraren ƙarshe da suka ƙi miƙa wuya a kudancin ƙasar. Janar Edmund Ludlow na rundunar Cromwell ya ga ta tudu abin zai yi tsada, sai ya sa aka kawo jiragen ruwa ta teku, aka jawo su ta kogin Laune har cikin tafkin. Akwai tsohon zance a wurin cewa ba za a ci Ross ba sai ranar da jirgin yaƙi ya yi iyo a tafkin. Mutanen Killarney na cewa ganin jiragen ne ya karya zuciyar na ciki. Mai duban soja zai ce an toshe musu hanyar ruwa, wadda ita ce ta rage musu. A watan Yuni suka miƙa wuya.

Bayan yaƙin an ƙwace filaye masu yawa daga tsofaffin masu su, aka raba wa sojoji da baƙi. Sababbin masu ƙasa ba su da sha'awar hawa matakala mai duhu. Tun kafin nan ma masu hali sun fara gina gidaje masu faɗi da manyan tagogi, irin na Portumna. Wasu sun jingina sabon gida a jikin tsohuwar hasumiya, kamar Leamaneh a Clare, inda aka ƙara babban gida a 1648, kana ganin zamani biyu manne da juna a bakin titi. Ross ya zama barikin soja har farkon ƙarni na 19. Saura kuwa aka kwashe katakonsu da duwatsun tagoginsu aka gina gidajen gona, aka bar shanu su fake a hawan ƙasa.

Kaɗan sun sami masu ceto. Bunratty, da ke kan hanyarka ta zuwa filin jirgin Shannon, wanda aka gina wajen 1425, Lord Gort ya saye shi a shekarun 1950 aka gyara, aka buɗe wa jama'a a 1960. Shi ƙato ne, gidan manyan O'Brien, kada ka auna saura da shi. Mawaƙi W. B. Yeats ya sayi na Ballylee a Galway a 1917 kan fam 35 ya zauna a ciki da iyalinsa. Ross da Aughnanure suna hannun hukumar ayyuka ta gwamnati. Amma mafi yawa suna gonakin mutane, kuma abin da ke cin su a hankali ruwa ne da ganyen nan mai hawa bango, wanda saiwarsa ke shiga tsakanin duwatsu ta ture su. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gyaran da aka yi da kyakkyawar niyya amma da siminti. Na taɓa zuwa duba wani da aka cike tsagoginsa da siminti shekaru da suka wuce. Farar ƙasa tana barin bango ya yi numfashi, ruwan da ya shiga ya fita. Siminti kuwa ya kulle ruwan a ciki, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar duwatsun ta yi ta ɓarewa. Da na ƙwanƙwasa da guduma sai na ji ƙarar rami, na sa yatsa a bayan simintin, tsohon kwaɓin ya zubo kamar jiƙaƙƙen gari. Mun yi makonni muna cire shi da kurfi, layi bayan layi, kafin mu mayar da farar ƙasa.

In ka tashi zuwa ganin na kusa da kai, fara da sallama a gidan manomin, domin filinsa ne, kuma sau da yawa shi zai ba ka labarin da ba ya cikin littafi. Kada ka hau matakalar kangon da ba a gyara ba, tana iya yankewa a sama ba tare da alama ba, duwatsun rawani kuma a sake suke. Abin da ke hawan ƙasa ya ishe ka a ziyarar farko. Tafi da fitila da takalmin ruwa, ka lalubi ramin sakata a gefen ƙofa, ka ɗaga kai a zaure ka nemi ramin da ke rufi, sannan ka shiga ciki ka haska bakan daga gefe, ba daga ƙasa kai tsaye ba, domin da hasken gefe ne zanen saƙar ke fitowa.